Saye da sayar da kayan hannu a Maraɗi: daga dilar gwanjo zuwa sikelin 'yan gwangwan

Abin da mutum yake biya wa kuɗi idan ya sayi rigar gwanjo, ko firigon da ya sha aiki a wata ƙasa, ko babur ɗin da ɗan kabu-kabu ya gaji da shi, shi ne sauran kwanan da ya rage wa kayan. Babu kamfanin da zai tsaya maka, babu takardar garanti. Don haka sana'ar gaba ɗayanta ta rataya ne a kan iya auna wannan sauran kwanan kafin a miƙa kuɗi, da kuma sanin inda za a kai kowane kaya idan kwanansa ya ragu, har ranar da zai koma ƙarfen da ake aunawa a sikeli.

Maraɗi gari ne da bai saba zubar da abu ba. Tayar mota ta zama takalmi, tib ɗinta ya zama guga, jarkar man girki mai lita 25 ta koma kurar ɗan garuwa, gwangwanayen lemo su narke a maƙera su fito tukunya. Abin da masana tattalin arziki ke ta kira a yi a yau, wato kaya su riƙa zagayawa daga hannu zuwa hannu ana gyara su maimakon a binne su a bola, mu da shi muka tashi. Abin da ya rage shi ne a yi shi da lissafi.

Fara da sanin hanyar da kayan ke biyowa

Kafin ka ciro ko dala daga aljihu, ka san ta ina kayan da kake so suke shigowa gari, domin farashinsu yana bin hanyar ne. Mafi yawan gwanjo da tsofaffin motoci da na'urorin gida ta teku suke zuwa, kuma shekara da shekaru tashar jiragen ruwa ta Kwatano ce ƙofarmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wannan ƙofa ta rufe, kaya suka koma bi ta Lome su ratsa Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada. Duk wanda ya riƙe tsohon farashi a kansa a lokacin, ya sayar da kayansa a kuɗin da ba zai iya sake saro irinsu ba.

Ta kudu kuma akwai Najeriya, ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano. Hanya ce mai fuska biyu. Najeriya ta daɗe da hana shigar da gwanjo, kuma a Janairun 2017 ta hana shigar da motoci ta iyakokin ƙasa, shi ya sa kasuwar irin waɗannan kaya a garuruwan bakin iyaka take motsi da duk abin da aka yanke a Abuja. An ga haka da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A ɗaya gefen kuma, tun da naira ta faɗi warwas daga tsakiyar 2023, mai sefa a hannu ya kan sami sauƙin kaya a Kano: gwanjo a Ƙofar Wambai, salula a Farm Centre, kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa. Ita sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta hawa da sauka irin na naira. Saboda haka ka riƙe lissafinka da kuɗi iri ɗaya. In ka karɓi naira, ka kai wa 'yan canji a ranar, kada ka kwana da ita kana jiran ta farfaɗo.

Hanya ta uku ita ce wadda mutane suka fi rainawa, alhali ta fi kowace sauƙi ga mai ƙaramin jari: cikin gari. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Yamai ko Damagaram, matar da ke son sauya kayan ɗaki, magidancin da damina ta kama ba shi da kuɗin taki. Babu duwan, wato kwastan, babu kuɗin mota.

Zaɓi layi ɗaya

Kada ka ce za ka taɓa komai. Ka ɗauki abin da hannunka ya sani ko wanda kake da mai koya maka. Tela ya fi kowa gane yadi, mai gyaran rediyo ya fi kowa jin warin waya da ta ƙone. In ba ka da ko ɗaya, ka zauna a rumfar wani ka yi masa yaron shago na 'yan watanni, ko da abincin rana kawai za ka samu. A wannan sana'a ido shi ne rabin jari, kuma ba a sayensa.

Ka kuma dubi lokaci. Da kaka mutanen ƙauye ke da kuɗi, a lokacin ne babur da rediyo da katifa ke tafiya. Rigunan sanyi da barguna daga Nuwamba zuwa Janairu suke ci, wanda bai sayar ba kafin ƙarshen Fabrairu ya yi kwantai sai baɗi. Fanka da firigo na bazara ne da azumi. Jakunkuna da takalman yara kuwa, gab da komawa lakkol a watan Oktoba. Mai wayo yakan sayi fanka da sanyi, lokacin da ba mai kallonta.

Dilar gwanjo

A nan ne aka fi samu, a nan ne kuma aka fi karyewa, don haka bari mu daɗe a kai.

Dila a ɗaure take zuwa, an matse ta da inji an ɗaure da ƙarfe ko roba, galibi mai kilo 45 ko 55, akwai kuma manya masu kilo 100. A jikinta akwai takarda mai nuna irin kayan da ke ciki, da lambarsu, wato na ɗaya ne ko na biyu, da tambarin kamfanin da ya tantance. Ba a buɗe maka kafin ka biya. Abin da za ka iya yi kafin biya shi ne abu uku: ka sa a ɗora ta a sikeli a gabanka, ka duba ɗaurin ko an taɓa kwance shi an sake ɗaurewa, sannan ka tambayi waɗanda suka fasa irin wannan tambarin a cikin watan nan, ba bara ba. Kamfani ɗaya yana iya aiko da kaya masu kyau yau, bayan wata shida ya lalace. Dilar da aka fasa aka tsince na kirki aka sake matsewa takan yi kumburi a gefe, ɗaurinta ba ya nutsewa cikin kaya kamar na asali.

Sabon shiga kada ya fara da dila sukutum. Ya fara da tsinta. Ka je da sassafe wurin da ake fasawa, ranar Litinin ko Juma'a da kasuwa ke cika, ka zaɓi guda ashirin ko talatin da idonka, ka biya kuɗin zaɓe. Ribar ba ta kai ta dila ba, amma ka ga abin da ka saya. Wanda bai taɓa ganin fasa dila ba ya je ya gani: ana yanke ƙarfen, kayan su yi tsalle su buɗe, warin maganin da aka fesa musu ya tashi, hannuwa goma su afka a lokaci guda, mai dila yana zaune a kan buhu yana cewa “a hankali, bayin Allah, wanda ya ɗauka ya riƙe a hannu, ban da sa wa a hammata.” Cikin 'yan mintoci an kwashe na sama. A wannan ɗan lokaci ne mai dila yake gane ko ya ci ko an ci shi.

In ka kai ga sayen taka, ka fasa ta a gida, kai da wanda ka yarda da shi, ka kasa ta kashi huɗu: na ɗaya waɗanda kamar ba a taɓa sa su ba, na tsakiya, na ƙasa masu ɗan tabo ko koɗewa, sai tsumma. Ka ƙirga kowane kashi ka rubuta. Ga misali da lambobin da na ɗauka don lissafi kawai, kai ka sa na ranar da ka saya. A ce dilar kayan yara ta tsaya maka jika 110 (jika guda sefa 1,000 ce), dako da kuɗin mota jika 3, wanki da guga jika 4, tikitin kasuwa da kuɗin rumfa jika 3. Uwar kuɗi ta zama jika 120. Ka ƙirga ka sami guda 300: na ɗaya 60, na tsakiya 150, na ƙasa 70, tsumma 20. In ka sayar da na ɗaya jika guda-guda, jika 60 ke nan. Na tsakiya a dala 100, wato sefa 500, jika 75. Na ƙasa a dala 30, sefa 10,500. Jimla sefa 145,500, riba 25,500.

Yanzu dubi inda ramin yake. Waɗannan guda 60 na sama su kaɗai suka ɗauko rabin uwar kuɗi. In ka bar 'yan uwa da maƙwabta suka tsince su a kuɗin na tsakiya don kunya, jika 30 ta tafi, jimlarka ta koma 115,500, ka faɗi da 4,500 alhali rumfarka cike take da masu saye. Yawancin waɗanda suka bar gwanjo suna cewa “dila ce ba ta yi kyau ba”, a nan suka zubar da kuɗinsu. Na ɗaya a rataye su a hanga, a goge su, a kai su inda ake biyan kuɗinsu: ƙofar ma'aikatu, wajen jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ko hoto a WhatsApp. Na tsakiya a shimfiɗa a rumfa. Na ƙasa a ɗaure su a kai kasuwannin ƙauye, ko a sallama wa masu zuwa Tibiri da Madarunfa da Gidan Runji a dunƙule. Tsumma ma yana da masu shi: makanikai na goge hannu, masu cusa matashin kai, teloli masu cire zif da maɓalli.

Wajen duba tufa, ka juya ta ciki waje. Wuya da hammata da tsakanin ƙafafu su ne ke fara mutuwa. Ɗaga ta ga rana, ƙananan huji za su nuna kansu. Ja robar ƙugu ka saki, in ba ta koma ba ta gama. Zif a ja shi sama da ƙasa sau biyu. Takalmi kuwa a lanƙwasa tafinsa. Akwai irin da ya daɗe a ajiye, yana sheƙi a ido, amma kwana uku a zafin Maraɗi tafin zai marmashe.

Kowace tufa, a wanke ta da sabulu, a shanya a rana, a goge kafin ta taɓa jiki, musamman ta jarirai. Kamfai da sauran kayan ciki ni ban ga dalilin sayensu na hannu ba, sababbinsu ba su da tsadar da za a ce an gaza.

Salula

Matsalar salula ta hannu ba lalacewa ba ce da farko, sata ce. Wanda aka kama da wayar sata sunansa ɓarawon zaune, kuma “ban sani ba” ba ta cika fitar da mutum daga hannun 'yan sanda da wuri ba. Don haka ka fara da mai wayar kafin wayar. Danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito. Gwada ta da wadda ke jikin kwali in akwai, ko da rasit. Ka ce ya buɗe wayar da kansa, ya fitar da asusunsa na Google, in iPhone ce ya fita daga iCloud, sannan a goge komai a gabanka a sake kunna ta. In bayan gogewa ta nemi tsohon asusu kuma ya fara kame-kame, wai na ƙaninsa ne yana Agadas, miƙa masa abinsa ka tashi.

Bayan haka sai lafiyarta. Sa layinka ka kira wani, ka ji shi ya ji ka. Gwada layi biyu daban, misali Airtel da Moov ko Zamani, don wasu wayoyin da aka kawo daga waje a kulle suke ga kamfani ɗaya. Buɗe farin hoto ka duba tabo a gilashi, ka ja yatsa lungu-lungu. Jona caja ka ɗan motsa ta. Dubi wayar ta gefe: in bayanta ya ɗaga, batir ya kumbura. A iPhone akwai wurin da ke nuna lafiyar batir, in ta sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 ka cire kuɗin sabon batir daga tayinka.

In ciniki ya faɗa, a rubuta 'yar takarda: sunan mai sayarwa, lambar katin shaidarsa, IMEI, kuɗin da aka biya, da shaidu biyu. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Firigo, fanka da kayan sola

Sayen tsohon firigo kamar sayen bisa ne a kara: ba ƙahon ake kallo ba, haƙori ake buɗewa. Fenti da sheƙi ba su gaya maka komai. Zagaya bayansa ka karanta farantin da ke manne. Wutarmu mai volt 220 ce, don haka wanda aka rubuta wa 110 ko 120, irin na Amurka, sai da taransifoma, kuma ranar da yaro ya jona shi kai tsaye ya ƙone. Duba irin iskar da yake amfani da ita: R600a ko R134a su ne na zamani. In ka ga R12, tsoho ne ƙwarai, an daina yin wannan iskar a duniya saboda illarta ga sararin sama, ga shi da shan wuta. Dubi bututun tagulla da ke kusa da kwamfuresa. Sabon walda a wurin yana nufin an taɓa buɗe shi an yi masa ɗurin iska, sai ka tambayi dalili. Leƙa cikin wurin ƙanƙara ka nemi tabon wuƙa, don masu saran ƙanƙara da wuƙa su ne ke huda shi. Sa takarda a bakin ƙofa ka rufe ka ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta saki.

Sannan a kunna shi, kuma ba na minti biyar ba. Ga yadda irin wannan ciniki yake tafiya in mai saye ya san abin da yake yi:

“Alhaji, a jona mini shi in sa ruwa a kofi, in je in dawo bayan la'asar.”

“Haba ɗana, ba ka ji yana kuka ba? Taɓa nan ka ji sanyi.”

“Na ji, Alhaji. Ruwan nake so in ga ya daskare, in kuma ji ya tsaya da kansa ya sake tashi.”

“To, ajiye kafin alƙalami, kada wani ya zo ya ɗauka.”

“Ga jika biyu. In bai yi ƙanƙara ba kuɗina ne, in ya yi ni na fasa, naka ne.”

Wannan sharaɗi na ƙarshe a faɗe shi a gaban mutane. Firigon da ba ya tsayawa da kansa zai cinye ka a takardar kuɗin wuta ta Nigelec. In an kawo shi gida a kwance cikin adaidaita ko amalanke, a tsayar da shi sa'o'i da yawa kafin a jona, man kwamfuresa ya koma mazauninsa. Ka kuma sa kuɗin na'urar daidaita wuta a cikin lissafi tun farko, domin wutar gari tana hawa tana sauka.

Fanka ba ta da wuya. In tana gurnani ba ta juyawa sai an tura ta da hannu, yawanci kondansa ce, kuɗinta kaɗan ne, kuma irin wannan ce riba ga mai saye ya gyara. In tana warin ƙuna ko kanta yana zafi da wuri, nadin wayar ne ya tafi.

Faifan sola yana daɗewa, ana iya sayensa na hannu in ba shi da tsaga ko tabon ƙuna, a kuma auna shi da mita da tsakar rana. Batir ne ba na ba kowa shawarar saye. Batir mai volt 12 in ya cika ya huta yakan nuna wajen 12.6, amma mataccen da aka cire daga caji yanzu ma zai iya nuna hakan na ɗan lokaci. Sai an ɗora masa kaya, ƙwan fitila ko fanka, an bar shi awa guda ana kallon yadda yake sauka. In mai shi bai yarda da wannan gwaji ba, ka taya shi a kuɗin nauyinsa kawai.

Babur

Takardu kafin inji. Lambar da aka buga a jikin firam da wadda ke jikin inji su dace da abin da ke cikin takardar duwan da kart giriz, wato takardar rajistar babur. In wurin lambar ya yi santsi kamar an goge shi da fayil, ko an yi masa sabon fenti shi kaɗai, ka bar shi ko nawa ne. A yankin nan da matsalar 'yan bindiga ta addabi ƙauyukan bakin iyaka, babur marar takarda yana iya jawo wa mutum tambayoyin da suka fi na sata nauyi. A rubuta takardar sayarwa, a kai a buga mata hatimin hukuma, a sauya suna.

Ka zo da safe ka taɓa injin ka tabbatar da sanyi, domin inji mai zafi yana ɓoye wahalar tashi. Shuɗin hayaƙi alamar yana cin baƙin mai ne. Zaro sandar mai ka murza a yatsa. In ya yi kauri fiye da kima, an zuba shi ne don ya rufe ƙara. Haƙoran sarka in sun yi tsini, sun gama. Hau ka ɗan sassauta hannu a miƙaƙƙiyar hanya, in yana ja gefe guda ya taɓa faɗuwa. Ka zo da makanikenka, ba na mai sayarwa ba, ka biya shi kuɗin dubawa ko an saya ko ba a saya ba, don kada ya zama yana da riba a cikin ƙulluwar cinikin.

Idan kai ne mai sayarwa

Wanke, goge, ɗaure abin da ya kwance, haɗa caja da rimot da takardu. Gyaran dala ɗari yakan ƙara jika guda a farashi. Amma gyara daban, rufa-rufa daban. Faɗi aibin kaya da bakinka kafin a gano shi. Addini ya yi hani da algus, kuma a fiƙihun Malikiyya da muke bi, mai saye yana da damar mayar da kaya in ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa. Ko ta fuskar kasuwa ma, Maraɗi ba ta da girman da mutum zai cuci wani a unguwar Zariya ya ɓuya a unguwar Bagalam.

Ka yanke wa kanka farashi biyu kafin ka fita: wanda za ka faɗa da wanda ba za ka sauka ƙasa da shi ba. Tsakaninsu ne ake “albarka” da “ƙara dai”. Wanda bai yanke na biyun ba tun daga gida, zafin rana da daɗin bakin mai saye ne za su yanke masa.

Mata da yawa ta hannun dillaliya suke sayar da atamfa, leshi, kwanuka da kayan gado, kuma hanya ce mai kyau domin tana rufa asiri. Ba wanda zai san daga gidan da kaya suka fito. Rigimar da ke biyo baya kusan kullum ɗaya ce: ba a yi maganar la'ada ba tun farko. Ki ce mata a fili, “Inna, ƙasa da jika takwas kada ki sallama, la'adarki kaza ce, in ya kwana bakwai bai tafi ba ki dawo mini da shi.” In kuma kun yarda abin da ta samu a sama nata ne, shi ma a faɗa. A ƙirga kaya a gabanta, a rubuta ko a ɗauki hoto.

Masu tallata kaya a WhatsApp da Facebook su ɗauki hoto da hasken rana, har da wurin da ya lalace, su rubuta farashi. “Zo inbos mu yi magana” yana korar mai saye na gaske. Haɗuwa a yi ta a bainar jama'a. Saƙon “an turo maka kuɗi” ba kuɗi ba ne. In ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana aka ce an aiko, ka ga kuɗin a asusunka ko ka karɓo su a hannu kafin kaya su bar wurinka. Bashi kuwa, a kayan hannu ya fi ko'ina haɗari, don ranar da abin ya sami matsala mai bashi ya sami hujjar ƙin biya.

Mai yin abin sana'a ya sayi littafi na dala hamsin. Kowane kaya da layinsa: ranar saye, kuɗin saye, kuɗin gyara, ranar sayarwa, kuɗin sayarwa. Bayan wata uku littafin zai nuna maka abin da ke tafiya da abin da ke kwana. Duk abin da ya wuce lokacinsa, karya farashi ka fitar da shi ko a uwar kuɗi ne, jari ya dawo ya sake juyawa. Kuɗin cefane kuma daga riba ake cire shi, bayan an ware na sari.

Abin da ba a saye, da abin da ya kai ƙarshe

Akwai kayan da arharsu ba ta da amfani. Jarka ko tano da aka taɓa zuba maganin feshi a ciki ba ta komawa ta ruwan sha ko man gyaɗa, ko an wanke ta sau nawa, domin roba tana shan dafin. Hular kwano da ta taɓa buguwa ta gama aikinta ko ba a ga tsaga ba. Tiyo da kan tukunyar gas a saye su sababbi. Magani da man shafawa da aka fara amfani da su a bar su. Katifa da gadon katako a duba ɗinki da lungunan haɗi da fitila, ƙananan ɗigo baƙaƙe alamar kuɗin cizo ne, kuma in ya shiga gida fitar da shi ya fi kuɗin katifar.

Abin da ya mutu murus kuma bai zama shara ba tukuna. Kafin ka kira 'yan gwangwan, fara kai shi wurin mai gyara, domin sassansa sun fi nauyinsa daraja: gilashin salula, rimot, ƙofar firigo, kafireton babur. Abin da ya saura sai a rarrabe. Ɗauki maganaɗisu: abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, shi ne mai arha, wanda bai kama ba, ko tagulla ne ko sanholo, kuma kowannensu ya ninka ƙarfe kuɗi, tagulla ta fi. In ka haɗa su a buhu ɗaya, kuɗin ƙarfe za a ba ka duka. Sanholo ka kai wa maƙera masu zubin tukwane kai tsaye, sun fi mai kura saye da daraja. Ka kuma auna kayanka a sikelin wani mai shago kafin ka kai, ka san nauyinsu.

Wayar lantarki a feɗe ta da wuƙa, kada a ƙona robar a tsakar gida, hayaƙinta guba ne. Tsohon batir kuma a sayar da shi a rufe yadda yake, a tsaye, kada a fasa shi don ciro darma, kada a zubar da ruwansa a kwata ko kusa da rijiya. Darma tana taruwa a jinin ƙananan yara ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ƙurarta kaɗai da ta zauna a ƙasar tsakar gida ta isa. Kafin mai saye ya zo, a ajiye shi a inuwa, a kan katako, inda yara da awaki ba sa kaiwa.